Sinadaran Haihuwa da Aljihun Mai Kiwo: Darasi Daga Kudancin Kaduna

KAFANCHAN — Tun daga shekarar 1927, sa'ad da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya haura Jos, garin Kafanchan ya zama mahaɗar fatake. Harkar jirgin ƙasa ta ja baya, amma ciniki bai bi ta ba. Har wa yau manyan motoci na ɗaukar citta daga ƙasashen Kachia da Jaba da Kagarko, ana kora shanu daga rugagen Ladduga zuwa kasuwanni, kuma kowane mako dillalai daga kudancin Nijeriya suna hallara a Katsit, bakin garin Kafanchan, inda ake cin kasuwar aladun da ake lasaftawa cikin mafi girma a ƙasar nan. A 'yan shekarun baya kuma masu kiwon tarwaɗa sun shigo cikin sahu.

Duk wannan hada-hada ta dabbobi tana tsaye ne a kan abu guda, wanda ba kasafai ake jin sa a bakin dillali ba, watau yawan haihuwa. Saniyar da ba ta haihu ba, ba ta da nono, ba ta kuma da maraƙin da za a kai kasuwa, amma kiwonta da maganinta ba su tsaya ba. Mai sayen madara, da mahauci, da mai ba da rance, da mai motar ɗaukar kaya, dukkansu suna jiran ranar da za ta haihu, ko sun sani ko ba su sani ba. Abin da ke tsayar da wannan rana kuwa wasu sinadarai ne 'yan ƙalilan da ke yawo cikin jinin dabba, waɗanda masana kimiyya suka shafe fiye da shekara ɗari suna bin sawunsu, har binciken ya haifar da hajar da a yau ake sayarwa cikin 'yan kwalabe a shagunan magungunan dabbobi.

Lissafin da aka yi a Kurmin Biri da Abet

Kudancin Kaduna na cikin wuraren da aka fi auna wannan al'amari a Afirka ta Yamma. A ƙarshen shekarun 1970, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da Ƙasa Domin Afirka, watau ILCA, wadda aka kafa a Addis Ababa a 1974, ta buɗe ofishi a Kaduna domin nazarin kiwo a yankin da ke da wadatar ruwan sama. Ma'aikatanta sun zauna da makiyaya a Kurmin Biri, cikin Gandun Kiwo na Kachia mai faɗin fiye da hekta 30,000, da kuma Abet kusa da Zonkwa, suna rubuta ranar haihuwar kowane maraƙi, da nauyinsa, da yawan nonon da aka tatsa.

Sakamakon da E. O. Otchere ya fitar a tsakiyar shekarun 1980 ya nuna cewa a garken gargajiya, karsanar Bunaji, watau farar saniyar Fulani, takan kai kimanin shekara biyar kafin ta yi haihuwar fari. Tsakanin haihuwa da haihuwa kuma akan sami wajen wata 25. Cikin shanu mata 100 da suka isa haihuwa, waɗanda ke haihuwa a shekara ba su cika 50 ba, sa'an nan fiye da maraƙi ɗaya cikin biyar yakan mutu kafin ya cika shekara.

Ɗan kasuwa na iya buga lissafin da kansa. Mai shanu mata 20 da ke haihuwa kowane wata 25 zai sami maruƙa kusan goma a shekara. Da za a rage tazarar ta koma wata 15, da waɗannan shanu 20 ɗin sun ba shi maruƙa 16, ba tare da ya sayi ko saniya ɗaya ya ƙara ba. Haka kuma saniyar da ta fara haihuwa tana da shekara biyar, in ta kai shekara 12 za ta bar maruƙa huɗu. Wadda ta fara tana da shekara uku da rabi, tana kuma haihuwa kowane wata 15, za ta bar bakwai. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990 ta sami shanu kusan miliyan 14 a Nijeriya, fiye da kashi ɗaya cikin uku Bunaji ne. In aka auna wannan giɓi da wancan adadi, za a gane dalilin da ya sa ƙasar da ke da shanu masu yawa haka take kashe kuɗin waje wajen sayo madarar gari.

Saƙo da mai karɓar saƙo

Domin a fahimci inda jinkirin yake, sai an san yadda jiki ke ba da umurnin haihuwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɓangare da masana ke kira haifotalamus. Shi ne ke sakin wani sinadari mai suna GnRH, wanda ɗan gajeren jeri ne na tubala goma daga irin tubalan da ake gina furotin da su. Irin waɗannan gajerun jeri su ake kira feftayid. GnRH ba ya tafiya mai nisa. Yakan bi wasu ƙananan jijiyoyin jini ya sauka ga wata 'yar halitta da ke rataye a gindin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, wadda a jikin mutum ba ta wuce girman ƙwayar wake ba. Da saƙon ya isa, sai fituwitari ta saki wasu sinadarai biyu cikin jini, FSH da LH. Na farko yana renon ƙwai a jikin mace har ya nuna. Na biyu, idan ya yi tashin farat ɗaya, shi ke sa ƙwan ya fito. A jikin namiji kuwa su biyun ne ke tafiyar da yin maniyyi.

Amma saƙo ba ya aiki sai da mai karɓarsa. A jikin ƙwayoyin halittar fituwitari akwai wasu makarɓai, waɗanda za a iya kwatanta su da kwaɗo, sinadarin kuma da mabuɗi. Kowane kwaɗo da nasa mabuɗi. Shi ya sa sinadarai da yawa ke yawo cikin jini guda ba tare da saƙon wani ya faɗa hannun wani ba. Wanda ya san siffar mabuɗin yana iya ƙera irinsa ya buɗe ƙofar haihuwa a ranar da ya so. Wanda ya san siffar kwaɗon kuma yana iya toshe shi ya rufe ƙofar. A kan waɗannan dabaru biyu aka gina dukkan cinikin da wannan sharhi ke magana a kai.

Yadda aka gano su

Tun a 1906 Henry Dale na Ingila ya lura cewa ruwan da aka tatso daga bayan fituwitari yana sa mahaifa ta matse. Wannan sinadari shi ne oksitosin, mai tubala tara, wanda ke tayar da naƙuda, yake kuma sa nono ya sauko. A 1953 Vincent du Vigneaud na Amurka ya haɗa shi a ɗakin gwaji, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1955.

Farautar GnRH ta fi wuya, domin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar dabba ɗaya bai kai a gani ba, balle a auna. Masana biyu a Amurka, Andrew Schally da Roger Guillemin, sun yi shekaru suna tsere a kai. Schally ya dogara ga mayankar aladu, Guillemin kuma ga mayankar tumaki, kowannensu yana tara ƙwaƙwalen dabbobi dubu ɗaruruwa yana tacewa. A 1971 ƙungiyar Schally ta bayyana jerin tubalan nan goma. A 1977 aka raba musu lambar Nobel tare da Rosalyn Yalow, wadda ta fito da hanyar auna sinadari a cikin ɗigon jini. Daga baya ta bayyana cewa GnRH na alade da na tunkiya da na saniya da na ɗan Adam duk abu ɗaya ne.

A 1978 ƙungiyar Ernst Knobil ta Jami'ar Pittsburgh ta gano wani abu da ya ba kowa mamaki. Da suka riƙa ɗiga wa birai GnRH kaɗan-kaɗan, sau ɗaya kowace sa'a, sai haihuwa ta farka. Da suka sakar musu shi ba yankewa, sai ta mutu murus, domin makarɓan sun gaji sun daina amsawa. Ashe saƙon ba a yawan sinadarin yake ba kaɗai, har da yadda yake zuwa, kamar yadda mai kalangu ke magana da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Wannan ne ya sa magani iri guda yake iya zama na neman haihuwa, yake kuma iya zama na dakatar da ita. A kan haka ne a 1985 Amurka ta amince da maganin lufurolayid domin masu sankarar mafitsara ta maza.

Afirka ma ta sa hannu. A 1982 Robert Millar da Judy King na Jami'ar Cape Town suka gano cewa GnRH na kaza ya bambanta da na dabbobi masu shayarwa da tubali ɗaya. A 1983 Nancy Sherwood da abokan aikinta suka bayyana na kifin salmon, wanda ya bambanta da tubala biyu. A 1992 aka gano jerin tubalan makarɓin GnRH. Shi da makarɓin oksitosin 'yan babban gida ɗaya ne na makarɓai, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake sayarwa a duniya suke aiki ta kansa.

Sauran tambaya ita ce, wa ke ba GnRH kansa umurni? Amsar ta zo a 2003, sa'ad da likitoci a Faris da Boston, kowace ƙungiya da nata bincike, suka sami wasu iyalai da 'ya'yansu ba sa balaga. Aka tarar suna da naƙasa a makarɓin wani feftayid mai suna kisfeftin, wanda aka fara gano tushensa a 1996 a garin Hershey na Amurka. Tun kafin wannan, a shekarar 2000, Kazuyoshi Tsutsui na Japan ya sami wani feftayid a ƙwaƙwalwar salwa wanda aikinsa taka wa haihuwa birki ne. A yau masana sun yarda cewa ƙwayoyin halittar da ke yin kisfeftin su ne masu gadin ƙofa. Su ke karɓar labari daga sassan jiki, ko akwai kitse, ko ana shayarwa, ko ana cikin wahala, sa'an nan su bari GnRH ya buga ko su hana shi.

Abin da ya sa Bunaji ke jinkiri

Idan aka dawo da wannan ilmi Kurmin Biri, sai lissafin Otchere ya daina zama abin mamaki. A kudancin Kaduna rani yakan kai wata biyar zuwa shida. Ciyawar yankin tana da tsawo da yawa, amma da zarar ta bushe, abin gina jikin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da abin da saniya ke bukata domin riƙe nauyinta kawai. Saniya mai shayarwa takan shiga bazara a rame. Kitsen jiki yana sakin wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a 1994, kuma idan kitse ya ƙare labari yakan kai ƙwaƙwalwa cewa ba lokacin ɗaukar ciki ba ne. Bugun GnRH sai ya yi nisa da juna, ƙwai ya kasa nuna, saniya ta yi watanni ba ta nemi bijimi ba.

Dalili na biyu shi ne shayarwa. Saniyar Bunaji ba ta cika sakin nono ba sai maraƙinta na kusa, domin ganinsa da jin bakinsa ne ke sa oksitosin ya fito. Saboda haka a ruga ba a gaggauta yaye, gidan makiyayi kuma yana bukatar nonon da mata za su kai talla. Amma tsotson maraƙi yana danne bugun GnRH. Masana na Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, watau NAPRI, sun tabbatar da haka a kan Bunaji a shekarun 1980, inda shanun da aka raba da maruƙansu suka riga masu shayarwa komawa neman bijimi. Wannan cibiya, wadda ta faro a matsayin gonar shanu a 1928, ta kuma sami sunanta na yanzu a 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta nuna a wani binciken na 1982 cewa karsanan da aka ba isasshen abinci mai gina jiki sun riga 'yan uwansu balaga da watanni.

Na uku shi ne cuta. Kurmin yankin mazaunin ƙudan tsando ne, mai kawo sammore, wadda ke shanye jinin dabba ta ramar da ita. Bakkale kuma na sa ɓari. Daɗin daɗawa, saniyar da ke da tozo ba ta daɗe tana nuna alamar neman bijimi, sau da yawa ma da dare take yi, ta yadda mai son kawo mata maniyyi daga waje zai iya rasa lokacin, sai ya jira wasu kwana 21.

Ganin haka ne ya sa ILCA ba ta fara da allura ba. Daga 1980, ƙarƙashin jagorancin masanin ciyawa M. A. Mohamed-Saleem, aka ɓullo da abin da aka kira rumbun ciyawa. Makiyayi zai killace hekta huɗu kusa da ruga, ya kwantar da shanunsa a ciki su tattake ƙasar su kuma ba ta taki, sa'an nan ya watsa irin sitailo, wata ciyawa 'yar dangin wake mai riƙe amfaninta har cikin rani. Idan rani ya tsananta sai a riƙa sakin shanu masu ciki da masu shayarwa, 15 zuwa 20, su yi kiwon sa'a biyu ko uku a ciki kowace rana. Shirin bunƙasa kiwo na Gwamnatin Tarayya, da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa dabarar zuwa wasu jihohi. Ta gamu da cikas: tsadar wayar shinge bayan faɗuwar darajar Naira daga 1986, da gobarar daji, da kuma rashin tabbacin mallakar ƙasa, domin ba mai kashe kuɗi ya killace filin da za a iya karɓe masa baɗi. A 1995 ILCA ta narke cikin sabuwar cibiyar ILRI. Amma darasin ya tsaya, binciken kisfeftin da leftin ma ya ƙara masa ƙarfi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hajar da ke cikin kwalba

GnRH na asali ba ya wuce 'yan mintoci cikin jini. Masu haɗa magunguna sun sauya tubali na shida a jerin, suka sami irin da ya fi ƙarfi ya kuma fi daɗewa, kamar busarelin da ake sayarwa da sunan Receptal. A 1995 masana a Jami'ar Wisconsin suka fito da tsarin da ake kira Ovsynch. Ana yi wa saniya allurar GnRH, bayan kwana bakwai a yi mata ta furostagilandin, bayan kwana biyu a sake ta GnRH, washegari a ɗura mata maniyyi ba tare da jiran wata alama ba. Amfanin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake. Ma'aikaci ɗaya na iya zuwa ƙauye a rana guda ya gama da shanu da dama, maimakon ya yi ta kai da kawowa a kan babur saboda saniya ɗaya, kuma ana iya tsara haihuwa ta faɗo farkon damina sa'ad da ciyawa ta wadata.

Ƙasar da ta fi dacewa a duba ita ce Birazil, domin yawancin shanunta masu tozo ne kamar namu, a kan ciyawa suke rayuwa. Masananta sun tarar cewa tsarin da aka yi domin shanun Turai bai cika kama ramammiyar saniya mai shayarwa ba, sai suka gyara shi da wata na'ura mai sakin sinadarin furojestaron da ake sa wa saniya na 'yan kwanaki, da kuma sinadarin eCG, wanda aka gano tun 1930 cikin jinin goɗiya mai ciki. A farkon shekarun 2020 Birazil na yin irin wannan ɗura mai tsayayyen lokaci fiye da sau miliyan 20 a shekara. A nan gida, NAPRI ta daɗe tana gwada haɗa lokacin neman bijimi a kan Bunaji, tana kuma samar da maniyyi da 'ya'yan gaurayen Bunaji da Firisiyan masu yawan nono.

Inda wannan bincike ya fi shiga hannun talaka a Nijeriya shi ne kiwon kifi. Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai da kanta a cikin tanki, sai ta ji ambaliyar damina. A da, masu ƙyanƙyasa sukan yanka wani kifin su ciro fituwitarinsa, su niƙa, su yi wa uwar allura da shi. A shekarun 1980, Lin Hao-ren na ƙasar Sin da Richard Peter na Kanada suka gano cewa a jikin kifi akwai wani sinadari mai suna dofamin da ke taka wa GnRH birki, don haka sai an haɗa GnRH da abin da zai ɗage birkin. Daga nan aka sami Ovaprim da makamantansa. Ana yi wa uwar kifi rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, watau kwalba mai mililita goma ta isa kilo 20. Bayan kamar rabin yini, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a matse ƙwai dubbai a cikin roba, a gauraya da maniyyin namiji, cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi su ƙyanƙyashe. Ba don wannan ba, da Nijeriya ba ta zama kan gaba a duniya wajen noman tarwaɗar Afirka ba.

Ga masu kiwon aladu da ke kai kaya Katsit, lissafin kwanaki ne. Cikin alade kwana 114 ne, kuma lafiyayyar uwa takan koma neman namiji cikin mako guda bayan yaye. Duk makon da ta ƙara a kan haka, dusa take ci a banza. Akwai allurar da ta haɗa eCG da hCG, mai suna PG 600, da ake amfani da ita wajen tayar da wadda ta yi jinkiri. Akwai kuma Improvac, da aka fara sayarwa a Ostareliya a 1998, wanda ke sa jikin namiji ya kashe nasa GnRH, ya zama madadin fiɗiya da wuƙa. Sai dai babbar barazanar wannan kasuwa ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a 1997, yake kuma dawowa lokaci-lokaci. Ga wannan ba allurar haihuwar da ke da amfani, sai tsafta da hana cuɗanya.

Zafi, jabu da ganganci

Feftayid abu ne mai saurin lalacewa. Yawancin waɗannan magunguna suna bukatar wuri mai sanyi tun daga masana'anta har zuwa jikin dabba, maniyyi kuwa sai cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi, kwalbar da ta kwana uku cikin mataccen firji kamanninta ba su sauya ba, amma ƙarfinta ya ragu. Mai saye ba zai gane ba sai bayan ya yi asarar lokaci.

Wannan ba matsalar dabbobi kaɗai ba ce. Oksitosin shi ne maganin farko da ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa da shi, kuma ana so a ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8. Wani bincike da hukumar NAFDAC ta yi tare da abokan aikinta a 2016 ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu na samfurin oksitosin da aka tattara a Nijeriya bai cika ma'auni ba. A 2018 aka bayyana sakamakon gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, wanda ya nuna cewa wani ɗan uwan oksitosin mai jure zafi, kabetosin, yana iya tsayawa a madadinsa wajen rigakafin zubar jinin. Wannan ma ribar sanin siffar mabuɗi da kwaɗo ce.

Akwai kuma ganganci. Furostagilandin na zubar da cikin saniya, saboda haka wanda ya yi allurarsa ba tare da likita ya duba ko akwai ciki ba, ya biya kuɗi ne ya kashe maraƙinsa. Mace mai juna biyu ma bai kamata ta taɓa shi ba. Oksitosin da aka yi wa dabba alhali ɗa ya zo a gicciye yana iya yaga mahaifa. Maraƙin gauraye kuma, komai kyawunsa, ya fi Bunaji ci, ya fi shi kasa jure sammore da kaska. Wanda bai tanadi abinci da magani ba, ya sayo wa kansa wahala.

Inda kuɗi yake

Ga mai neman inda zai zuba jari, matakan a jere suke. Na farko abinci: noman ciyawa da sayar da irinta, da ɗaurin harawa, da tanadin dusa da angurya tun da kaka sa'ad da suke da araha. Manoman citta da annobar ruɓewa ta 2023 ta durƙusar suna da filaye da ƙwarewa, makiyaya kuma suna da bukata, kuma ciyawar sitailo tana ƙara wa ƙasa ƙarfi ga shukar da za ta biyo baya. Na biyu sanyi: shagon magani mai firjin hasken rana, wanda ke sayo kaya daga dillalin da ke da rajista, zai riƙe abokan ciniki da zarar sun ga maganinsa na aiki. Na uku ƙwararrun hannu: matasan da suka iya duba ciki, da ɗura maniyyi, da rubuta tarihin kowace saniya. Jami'ar Jihar Kaduna na koyar da aikin gona a reshenta na Kafanchan, Shika kuma ba ta fi tafiyar yini ɗaya ba. Na huɗu mai sayen madara na dindindin, domin makiyayi ba zai kashe kuɗi a kan saniya ba sai ya tabbata akwai mai karɓar nonon kowace safiya.

Dukkan waɗannan sun rataya a kan zaman lafiya da tabbacin ƙasa. Rikice-rikicen da yankin ya sha fama da su, da satar shanu, da garkuwa da mutane, sun kori ma'aikata daga ƙauyuka, sun kuma hana mutane saka jarin da sai bayan shekara uku zai fara biya. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Masu sana'ar za su auna ta ne da abin da ya iso ruga, kuma ma'aunin yana nan tun shekarun 1980, a rubuce cikin takardun Kurmin Biri da Abet: shekara biyar kafin haihuwar fari, wata 25 tsakanin maraƙi da maraƙi.

Kafin nan, akwai abin da kowane mai garke zai iya farawa da shi ba tare da jiran kowa ba. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta ranar da kowace saniya ta haihu. Bayan shekara biyu zai san wadda ke biyan kuɗin kiwonta, da wadda ke bukatar abinci, da wadda ke bukatar likita, da wadda ya kamata ta kama hanyar kasuwa.